Ranar da Taraktar Majami'armu Ta Ga Ƙanƙara

Wani ɗan'uwa ne da ya ƙauro Greensboro daga can arewacin Amurka, inda dusar ƙanƙara ke binne mota har rufinta, ya yi wa majami'armu kyautar tarakta. Ƙarama ce, irin ta yankan ciyawa, amma an ɗaura mata wani inji mai faɗin baki a gaba. A cikin bakin akwai murɗaɗɗen ƙarfe da ke juyawa, ya kwashi ƙanƙara ya feso ta ta bututu. Ranar da ya kawo ta dattawa suka kewaye ta aka yi addu'a, 'yan zumuntar mata suka rangaɗa guɗa. Ba wanda ya tambayi bawan Allah abin da ya sa yake ɗokin rabuwa da ita.

Ni aka damƙa wa makulli, wai don ina tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito da ke titin Wendover, kuma an taɓa jin na ce garinmu a Filato akwai sanyi. Daga ranar na zama Sarkin Ƙanƙara.

Na riƙe sarautar da gaske. Duk shekara idan ganye ya fara zuba, sai in buɗe ɗakin ajiyar da ke bayan majami'a, in turo ta waje kafin in tayar, don hayaƙinta a rufaffen ɗaki kisa yake yi. In juye baƙin mai, in sa giris, in taɓa bel in ji ko ya saki, in yi cajin batir, in ɗaura wa tayoyin baya sarƙa.

Ƙanƙara kuwa ta ƙi zuwa. A garin nan sai a yi ta shela cewa tana tafe, jama'a su wawashe burodi da madara a kantuna, a rufe makarantu, a wayi gari ruwan sama ne kawai ya daskare a titi kamar gilashi, abin da injina ba ya iya taɓuka masa komai. Haka shekaru suka yi ta wucewa. Matata takan ce, "Maigida, da motarmu na samun rabin gatan taraktar nan, ai da ta daina tari."

Sai wata Asabar ƙanƙara ta zubo da gaske, ta kwana tana zuba. Da sassafe ran Lahadi na lallaɓa na isa majami'a, raina fari ƙal. Na tarar da babban dattijonmu, wanda kowa ke kira Baba, ya riga ni isa, tunda gidansa na kusa. Ya zo duba aiki ne. Na zagaya filin ajiye motoci na tsince rassan da na gani, na juya bututu ya kalli ciyawa don kada tsakuwa ta sami taga ko mutum, na roƙi Baba ya tsaya nesa, sannan na hau tarakta. Kai, ranar na ji daɗin sarauta! Ƙanƙara na tashi sama kamar ana sheƙar gari.

Da na iso bakin ƙofa sai injin ya yi wani gurnani ya tsaya cak. Ashe tabarmar goge ƙafa ce ƙanƙara ta rufe, ya haɗiye ta. Kafin in sauko Baba ya iso, ya cire safar hannu ya sunkuya.

"Ɗana, ga bakinta nan a waje. Bari in fizgo ta."

"Baba, a yi haƙuri, a ɗan ja baya."

"To ai ya mutu."

"Shiru dai ya yi, Baba."

Na ja birki, na zare makulli na jefa aljihu, na shiga cikin majami'a na ɗauko sandar goge ƙasa. Na yi ta zungura har tabarmar ta saki. Tana saki kuwa, ƙarfen nan da ke ɗaure da sauran ƙarfinsa ya zabura ya juya, ƙaras! Sanda ta rabu biyu.

Baba ya dubi guntun da ke hannuna, ya dubi yatsunsa, ya mayar da safarsa a hankali. Can ya ce, "Sandar nan ta zumuntar mata ce fa. Kai za ka yi musu bayani."

Na gama share fili tas. Ina kakkaɓe injin sai wayoyinmu suka yi ƙara tare. Fasto ne: tunda ba a share titunan unguwanni ba, kowa ya zauna gida, za a yi sujada ta waya.

Muka shiga motata ni da Baba, muka jingina waya a gaban sitiyari. Fasto, daga falonsa, ya gode wa Allah da ya ba kowa hikimar zama a gida. Baba ya ce amin da ƙarfi. A gabanmu ga fili nan shimfiɗe, babu kamarsa a duk gabashin Greensboro.

Ana tsakiyar wa'azi wata mota ta shigo. Baba ya fita da sauri yana ɗaga hannu, yana marhabin. Wani bature ne da ya ɓata hanya. Ya sami wuri mai kyau ya juya motarsa, ya ɗaga mana hannu, ya tafi.