Ɗoɗɗoyar da Ta Bi Rariya

Duk hutun makaranta, mahaifinmu yakan sa mu a mota daga Kankiya, ni da ƙanena Sagir, a sauke mu a Kusada, kawu ya ɗauke mu a babur zuwa Bauranya wurin kakarmu, Iya Dije. Lokacin ba a daɗe da ba mu jiharmu ba, ni kuma ban wuce 'yar firamare ba. Abin da na fi tunawa da gidan shi ne ƙamshi. Tun daga zaure za ka ji shi, kafin ka ga kowa.

Iya tana da tanderu a gefen madafi, na laka, ita ta gina abinta. Ta koyo gasa gurasa ne a 'yan shekarun da suka zauna a Kano da kakanmu, ta dawo ƙauye da sana'ar a hannunta, amma ba ta sayarwa. Ta gida take yi, ran Alhamis da yamma, don a samu ta Juma'a. Za ta kwaɓa fulawa tun da azahar, ta rufe kwaɓin da faifai ya tashi, bayan magariba ta hura wuta. Idan ta zura hannu ta manna kwaɓin a jikin tanderun, ni sai na runtse ido, ita ko a jikinta.

A cikin ɗakinta kuwa, daidai inda hasken taga yake sauka, akwai jerin tsoffin kwanoni da fasasshen kasko cike da ƙasa. Ga na'ana'a ta shayi, ga albasa mai lawashi, ga ɗoɗɗoya da take tsinka ta jefa a miya dab da saukewa. A ɗaki take ajiye su saboda awaki da kaji. Ruwan alwalarta ba ya zuba a banza, a kansu take yi.

Idan gurasa ta gama gasuwa, sai ta kwashe garwashin a kasko, mu kewaye shi da ni da Sagir da 'ya'yan kawu, kowa da gutsuren gurasa mai zafi da aka barbaɗa wa ƙuli-ƙuli. Iya ta miƙe ƙafafu, ta gyara ɗankwali.

"To, ga baƙuwa nan tahe, ku ba ta wuri," in ji ta.

Mu ce, "Ta shigo ta zauna!"

Ta ba mu tatsuniyoyi da yawa a gaban kaskon nan, amma wadda ta zauna mini ita ce ta Tabawa.

Wai an yi wata mace a wani gari, sunanta Tabawa, babu mai miya irin tata. In ta ɗora tukunya, masu wucewa sai su rage sauri. Sirrin kuwa wani ganye ne da ta gada wurin uwarta, ɗoɗɗoya ce amma ba irin ta kowa ba. A ƙuryar ɗaki ta dasa ta a kasko, tana rufe ƙofa in za ta ba ta ruwa. Maƙwabciyarta Ladi, wadda katanga ɗaya ta raba su, ta sha roƙonta ɗan reshe ta dasa. Tabawa takan ce, "Wane ganye? Ni hannuna ne kawai."

Wata rana ta tafi rijiya ta manta ba ta ja ƙyaure ba. Akuya ta shiga ta cinye shukar, har saiwar ta tumɓuke. Tabawa ta dawo ta tarar da kasko a kife. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka, ba ta gaya wa kowa ba.

Ana nan sai tsohon ubanta, da yake zaune a wurinta, ya kwanta ciwo. A kawo tuwo ya kau da kai, a kawo fura ya kau da kai. Ba abin da yake cewa sai, "Tabawa, yi mani miyar uwarki." Ta yi da daddawa, ta yi da kanumfari, ta yi da duk abin da ta sani. Ya ɗanɗana ya ture kwanon. Tsoho yana ta ramewa a gaban idonta.

Rannan da yamma tana zaune ta yi tagumi, sai iska ta kawo mata ƙamshin miyarta daga bayan katanga. Ashe duk lokacin da take ba shukar ruwa, 'ya'yan ganyen suna zubowa, shara da ruwa suna kwashe su ta rariya zuwa gidan Ladi. Can suka tsira a bakin magudana, Ladi ta gani ta kewaye su da ƙaya.

A nan Iya takan rage murya, ta ja labarin har mu ƙosa. Tabawa ta yafa mayafi ta fita. Ta isa ƙofar Ladi ta tsaya, ta juyo gida. Ta ji tarin ubanta, ta sake fita. Ta ɗaga murya za ta yi sallama, sallamar ta maƙale. Ta tuna duk ranakun da ta ce wa matar nan babu.

"Iya, ta shiga mana!" in ji Sagir.

"Kai, yi haƙuri," in ji Iya. "Kana tsammanin ƙofar kusa take? Ai ta hi Makka nisa."

Daga ƙarshe dai Tabawa ta yi sallama. Ta durƙusa ta ce, "Ladi, na yi maki ƙarya. Ganye ne. Nawa ya mutu, ubana ba shi cin abinci. Ki taimake ni." Ladi ta tsinko mata cike da hannu, ta kuma cire ƙaramar shuka da ƙasarta ta ɗora mata. Tsoho ya ci miya a daren, ya nemi ƙari.

Sagir ya tura baki. "Da ni ne Ladi, wallahi ba ni ba ta."

Iya ta yi dariya har tana tari. "Shi ya sa ba kai ba ne. To, baƙuwa ta tashi, ta ce a gaishe ku. Kowa shi wanke hannu."

Shekaru da yawa na ɗauka tatsuniyar a kan rowa take. Haka na fahimce ta, haka ma na riƙa ba 'ya'yana.

Na yi aure a nan Kankiya, kuma ba yabon kai ba, an san ni da girki a unguwarmu. Ba ni da tanderu, amma na iya gasa kek a tukunya, yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi, gwangwanayen madara a ciki. Suna ko biki, ni ake kira. Ban taɓa hana kowa koyo ba, don haka ina ganin ni Ladi ce.

Sai wata shekara na yi zazzaɓi da mura mai tsanani. Na warke, amma hancina da harshena ba su dawo ba. In sa gishiri a baki, kamar ƙasa. In murza na'ana'ar da nake shukawa a tagar madafina, in kai hanci, shiru. Likita ya ce in yi haƙuri, yakan dawo, amma bai san yaushe ba. Na ci gaba da girki da ƙiyasi. Wata rana miya ta yi gishiri, wata rana lami. Maigidana ya ci ya yi godiya, yara su ci kaɗan su ce sun ƙoshi. Na lura ƙaramarmu ta fara ramewa. Ga kuma bikin 'yata ta fari yana matsowa, dangin ango duk sun san uwar amarya ce za ta yi kek da miyar walima.

Maƙwabciyata, Maman Ummi, yarinya ce a kaina, ni na koya mata dafa shinkafa ba ta caɓe ba lokacin tana amarya. Tsakanin ƙofata da tata ba nisa. Na yafa mayafi na fita, na tsaya, na dawo na zauna a bakin gado. A nan ne na gane wurin da Iya take jan labarin, da dalilin da ya sa take ja. Bayarwa ba ta taɓa yi mini wuya ba, don mai bayarwa a tsaye yake. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in ce ban iya ba.

Na sake tashi na je na yi sallama.

"Maman Ummi, wurinki na zo. Ba na jin ɗanɗano, ba na jin ƙamshi. Ki zo ki riƙa ɗanɗana mini."

Ta dube ni, idonta ya cika da ƙwalla. "Haba Anti! Tun yaushe? Shi ne kika yi shiru?" Ta saɓa goyonta, ta biyo ni ko takalmi ba ta sa daidai ba.

Tun daga ranar, kullum in na ɗora tukunya sai ta shigo da cokalinta. "Anti, ƙara gishiri kaɗan." "Anti, ya isa haka." Da farko kunya take ji ta gyara mini, daga baya har tsawa take yi in na kai hannu ga yaji. Yara suka koma suɗe kwano. Kek ɗin biki tare muka yi, ni da awo da hannu, ita da hanci da harshe, aka ci aka yaba, na ce a yaba mana mu biyu.

Bayan bikin da 'yan watanni, wata safiya na ɗora kek, muka zauna a tsakar gida da Maman Ummi muna tsince shinkafa, hira ta ɗauke mu. Can sai na ji wani abu ya daki hancina.

Na ce, "Ke, ƙauri nake ji!"

Ta zabura za ta ruga madafi, sai ta tsaya cak ta waiwayo.

"Anti, me kika ce?"

"Na ce ƙauri nake ji."

Muka tsaya muna kallon juna, sannan muka fashe da dariya, ina yi ina share hawaye. Kek ɗin ya ƙone ƙurmus, ba wadda ta je ta sauke shi.