Farin Kunun Ɗakin Hoto

A shekarun da kuɗin mai suka cika gari, lokacin da duk mai ɗan hali a Daudawa ya sayi babur ko rediyo, ni ciwon ciki na samu. Noman auduga nake yi, matata kuma tana ɗauke da cikin fari. Ciwon a ƙahon zuci yake kama ni kamar an ajiye garwashi. In na ji yunwa ya taso, in na ci tuwo ya ɗan lafa. Da bayan gidana ya koma baƙi ƙirin, da wani wari da ni kaina ba na iya tsayawa kusa da shi, sai kawuna, wanda ke tuƙa babbar mota, ya ce mu tafi babban asibiti a birni. Matata ta biyo mu, domin ungozoma ta ce ba ta gane kwanciyar ɗan ba.

Hoton farko da likita ya sa aka yi mini bai ba ni wahala ba. An manna ƙirjina da wani ƙarfe mai sanyi, aka ce in ja numfashi in riƙe. Likita ya ɗaga hoton a gaban fitila, ga haƙarƙarina a jere reras.

Ya ce, "Malam, ƙirjinka lafiya lau. Amma wannan hoton ƙashi ya fi gani. Tumbi nama ne, hasken ratsa shi yake yi ya wuce. Sai mun cika shi da abin da zai fito a hoto. Ka dawo gobe, kada ka sa komai a bakinka."

Washegari muka zauna a kan benci, mu masu ciwon ciki, kowa da azumin dole. Aka kira ni. Ma'aikacin ɗakin hoto ya miƙo mini kofi cike da wani farin abu mai kauri. Na ɗauka kunun gyaɗa ne, har na yi bisimilla. Kurɓar farko ta gaya mini gaskiya. Kamar an daka alli an dama da ruwan kwata, aka ɗiga turaren da ya lalace a kai. Ya manne mini a harshe da dasashi, ya ƙi wucewa, yana ƙasa-ƙasa a haƙora. Dattijon da ya riga ni shiga yana gefe yana kakari a bokiti, farin abin na dalala a gemunsa. Ina ganinsa na amayar da nawa a kan rigata.

Ma'aikacin bai ko yamutsa fuska ba. Ya sake cika kofin.

Na ce, "Don Allah, mi za ya hana a sa ɗan sukari?"

Ya ce, "Toshe hanci ka shanye. In ka sake zubarwa, akwai wani."

Na shanye, hawaye na zuba. Aka kwantar da ni a kan gadon ƙarfe mai karkata, a juya ni dama, a juya ni hagu, a kife ni, abin yana yawo a cikina kamar laka a ƙwarya. Duk gyatsar da na yi sai ɗanɗanon ya dawo sabo.

Da muka koma wurin likita, kawu ya nuna matata ya ce, "Likita, tun da mun zo, a yi wa yarinyar nan irin nasa mana, a ga ɗan."

Likita ya girgiza kai. "A'a, Alhaji. Hasken nan yana iya cutar da ɗan tayi, ba ma son haska mai ciki da shi. Akwai sabuwar na'ura da aka kawo, da sauti take aiki. Ita ce ta dace da jariri, da hanta, da duk abin da ke da ruwa."

Matata ta shiga ta fito tana dariya. Wani mai mai sanyi da yauƙi kawai aka shafa mata a ciki, aka goga wani ɗan abu, aka ce kan ɗan ya juyo ƙasa yadda ake so. Ni ina tsaye da busasshen amai a gaban riga, ƙudaje na bina. Na tambayi likita dalilin da ya sa ba a yi mini irin nata ba. Ya ce iskar da ke cikin tumbi tana tare sautin, ba za a ga komai ba. Sannan ya nuna mini wani ɗan gurbi a hotona inda farin abin ya taru. Gyambo ne, daga nan jinin yake fita. Ya hana ni barkono da ƙwayoyin ciwon jiki da nake saya a kasuwar Sheme ina watsawa a baki kullum bayan gona, ya rubuta magani.

Ashe da sauran aiki. Muna komawa gida cikina ya ɗaure tamau. Na sha ruwa, na sha tsamiya, na ci miyar kuɓewa, shiru. Ranar da abin ya fito, fari fat ya fito, da tauri kamar tsakuwa. Na tsorata, na kira kawu ya gani. Ya leƙa sau ɗaya, ya tofar da yawu, ya ce kada in ƙara kiran babban mutum ya ga irin wannan.

Ciwon ya lafa kafin a fara tsinkar auduga. Likita ya ce in koma a sake hoton don a tabbatar gyambon ya warke. Kawu ya zo da mota har ƙofar gida, na ce masa ina da aiki a gona. Ban koma ba.