Katin Mai Jan Ɗigo

Ya tsoma tsinke a kwalbar jan farce, ya ɗiga a bayan wani ɗan katin ajiya irin na waya da bai kai farcen babban yatsa ba, ya hura masa iska. Haka Pa Mukoko yake buɗe rumfarsa ta unguwar Akwa, cikin birnin Duwala, kowace safiya. Duk katin da ke ɗauke da kayan mutane sai ya sha jan ɗigo, wato kada a taɓa. Kwalbar ta matarsa Endale ce. Shekara shida da rasuwarta, jan bai ƙare ba, sai kauri da ya yi.

Da gyaran rediyo ya fara tun yana saurayi. Rediyo ta tsufa ya koma talabijin, daga nan bidiyo. Duk sana'ar da ya ƙware a kanta sai ta mutu a hannunsa. Yanzu ƙananan akwatunan kallo yake gyarawa, masu faɗin tafin hannu, da idon da ya fara hazo.

Ɗaya daga cikin akwatunan nasa ne na kansa. A katinsa muryar Endale take kwance, waƙa arba'in da ɗaya da ta ja wa mawaƙan cocinsu. Kaset-kaset ɗin asali ambaliya ta cinye su. Katin nan kaɗai ya rage, kuma ɗigonsa ya fi na kowa girma.

Ranar Lahadi 'yarsa Ndome ta tare shi a bakin murhu.

"Papa, jikokinka kallo suke so. Kullum waƙar Mama, kullum waƙar Mama. Gidan nan ya zama makabarta."

"Uwarki ce fa."

"Na san uwata ce. Ba cewa na yi ka zubar da ita ba. Kai ba gwani ba ne? Ka yi mata ɗakinta, ka yi wa yara nasu."

Maganar ta zauna masa. Ya sayi sabon kati, girmansa ɗaya da tsohon. Zai raba shi ɗaki biyu, kowane da tsarin da ke tayar da akwati: ɗaya na kallo, ɗaya na waƙa. In an kunna, akwatin ya tambaya ta wace ƙofa za a shiga. In ya gama, sai ya kwashe Endale ya kai ta sabon ɗakinta.

Ya soka katunan biyu a tsohuwar kwamfutarsa, wadda batirinta ya mutu tun bara. Kwamfuta ba ta ganin jan farce, lamba take ba kowa. Ta kira tsohon Ɗaya, sabon Biyu. Ya rubuta 2 da biro a tafin hannunsa, kamar yadda ya saba.

Sai wuta ta ɗauke.

Maƙwabcinsa Chamba, mai sayar da caja, ya leƙo da fanke da wake a leda.

"Injiniya! Kamfanin wuta ya ba ka hutu. Zo ka ci, ko haƙoran ma sun yi ritaya?"

"Haƙorana sun girmi ubanka."

"Shi ya sa suke tafiya ɗaya-ɗaya. Me kake fasawa yau?"

"Ɗaki nake gina wa madam."

"Kai! Tana da rai ɗaki ɗaya kuka yi haya, sai yanzu?"

Pa Mukoko ya yi dariya, abin da ya daɗe bai yi ba. Ruwa na dukan kwanon rufi, suka cinye waken tas.

Da wuta ta dawo, kwamfutar ta tashi ta sake ƙirga katunan, wannan karon wanda ta fara cin karo da shi ne ya zama Ɗaya. Pa Mukoko ya san tana yin haka. Sau nawa ya gargaɗi masu gyara a layin nan a kai? Amma dariya na bakinsa, ya dubi tafin hannunsa maimakon allo. Ya zaɓi Biyu. Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce ya tabbata.

Ya yanka ɗakin farko, ya yanka na biyu. Ya zuba tsarin kallo, ya zuba na waƙa, ya cika ɗakin yara da finafinai har bakinsa, ɗayan ya share shi fes don amarya Endale. Aiki ya yi kyau.

Ya miƙa hannu ya zare sabon katin. Sanyi ƙalau, kamar wanda ba a taɓa ba. Ya zare mai jan ɗigon, ya ji shi da ɗumi. Ashe a kansa ya yi aikin.

Ya daɗe riƙe da shi. Da rabawa kawai ya yi, da akwai dabarar dawo da waƙoƙin. Amma ya yi gini a kai, ya yi daɓe. Duk da haka ya mayar da katin, ya bi shi lungu-lungu da duk abin da ya sani, har la'asar. Abin da ya tono bai wuce numfashi uku ba: ƙarar benci, tarin wani dattijo, da Endale tana jan iska za ta fara.

Ya saurara sau ɗaya. Bai sake ba.

Ya sa katin a akwatin, ya kunna. Allo ya kawo ƙofa biyu, tsaf, yana jiran a zaɓa.

"Allah ya yi hannu!" in ji Chamba daga bakin ƙofa. "Tsoho, har yanzu babu kamarka a Akwa. To danna na madam mana, mu ji ta tare a sabon gida."

Pa Mukoko ya rufe kwalbar jan farcen, ya murɗa murfin har ya tsaya. Ya ajiye tabaraunsa a kan teburi.

"Injiniya? Ina za ka? Ruwa ake yi fa."

Ya raɓa ta gefensa ya fita, bai ɗauki lema ba.