Tsuntsun da Baba Ya Yanka

Ina aji uku a elemantare ta Wurno, kuma ni ce wadda ba a jin muryarta a aji. Wata rana da bazara hedimasta ya shigo da wani dogon Bature mai jajayen gwiwoyi, da tafintansa, wani Bakano. Aka ce daga Rabah suke, za su bi gulbi har Goronyo suna tara tsuntsaye saboda masana na ƙasarsu. Baturen ya ɗaga wani littafi mai hoto: tsuntsu baƙin baya, farin ciki, jan baki, bakin ƙasa ya fi na sama tsawo.

Na san shi. Baba masunci ne, ni ke kai masa fura bakin gulbi. Tsuntsayen su biyu ne, miji da mata, a kan wani tsibirin yashi. Suna tashi ƙasa-ƙasa da baki a cikin ruwa, su bar layi kamar an ja almakashi a ƙyalle. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba.

"Ke 'yar mitsitsiya, kin tabbata?" in ji tafinta. "Ba cilakowa kika gani ba?"

Aji ya fashe da dariya. Na ce ido ma ba irin nata ba ne. Baturen ya rubuta wani abu, ya yi mini murmushi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Washegari muka shiga jirgin Baba, ni da Baturen da tafinta. Harbi ɗaya Baturen ya yi, namijin ya faɗo bakin ruwa yana fuffuka. Kafin kowa ya motsa Baba ya dira, ya zaro wuƙarsa, ya juya gabas, ya yi bisimilla ya yanka. Haka kowa zai yi a wurinmu. Abin da aka harba ba a barinsa ya zama mushe. Ya kawo wa Baturen shi da hannu biyu.

Baturen ya dubi wuyan, ya hau faɗa.

"Ya ce ka ɓata masa fata," in ji tafinta. "Fatar ake so, ba nama ba."

"To naman hwa, mi za a yi da shi?"

"A yar."

"A kashe rai a yas da nama?"

"Malam, ni baki ne kawai, ba ni na harba ba. Yanzu dai sai macen. Ke, ina take kwana?"

Na sani. Can ƙarshen yashin akwai ɗan rami kamar tafin hannu, da 'ya'ya biyu masu launin yashi, sai sun motsa ake ganinsu. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata. Ya tambaya sau uku.

"Ɗiyag ga ba ta magana," in ji Baba. "Ku bar ta."

Na yi zaton shiruna ya isa. Amma macen da kanta ta taso, ta zo tana kewaya inda jinin ya zuba tana kuka. Baturen ya sake harbi. Da ta faɗo, tafinta ya riƙe hannun Baba. Ta daɗe tana motsi. Baturen ya sa babban yatsa ya danne ƙirjinta har ta daina. Baba ya juya baya yana kallon ruwa.

A gindin wata tsamiya aka feɗe ta. A hankali Baturen yake yi, kamar mai yi wa jariri wanka. Ya cire naman, ya barbaɗa wata farar hoda, ya cusa auduga, ya ɗaure takarda a ƙafa. Audugar ta leƙo ta ramin ido. Tafinta ya ce za a adana ta shekaru masu yawa, waɗanda ba su taɓa ganin Rima ba su san akwai wannan tsuntsu a nan.

"Shina nan jiya," in ji Baba.

Namijin kuwa Baba ya kawo gida, ya ce tun da an yanka sai an ci. Inna ta dafa. Ƙarnin kifi yake yi. Baba ya ci shi kaɗai, ba ya kallon kowa.

Da safe na roƙe shi ya kai ni tsibirin. Ɗaya daga cikin 'ya'yan ya riga ya mutu, kiyashi sun rufe shi. Na kawo ɗayan gida a ƙwarya, ina tauna ƙananan kifi ina sa masa a baki. Ba ya karɓa. Kwana biyu ya yi.

Ranar da na binne shi a bayan rumbu, hedimasta ya tsayar da ni gaban aji ya ce a yi mini tafi, wai na taimaki ilimi. Wataƙila na taimaka. Na ci gaba da kai fura har na gama makaranta, kullum sai na dubi ruwan wajen tsibirin, ban sake ganin layin nan ba.