Shekarar da Ƙuda Ya Ƙi Mutuwa

Ba na jin haushin ƙuda. Ƙuda bai taɓa kirana ɓarawo ba, mutane ne suka kira ni, kuma da su nake.

A shekarun hamsin ni ne helma, wato shugaban masu feshin magani, a yankinmu na Ƙofar Atiku. Mu biyar ne, kowa da famfonsa a baya, muna ƙarƙashin wani babban duba-gari, shi kuma yana ƙarƙashin Baturen lafiya. Maganin farin gari ne, ana kawo shi a duro. Aikina in auna shi da gwangwani, in dama da ruwa, in raba wa mutanena, sannan mu bi mahauta da juji da bakin salga muna fesawa. Makullin ɗakin ajiya ma a wuyana yake.

Shekarar farko kam mun ga daraja. Mu fesa da hantsi, kafin azahar mata suna share gawar ƙuda da tsintsiya. Mahauta har tsire suke aiko mini. Na ɗauka kaina wani abu ne, ina tafiya ina buɗe hannuwa.

Damina ta uku abin ya fara canjawa. Mu jiƙe bango sharkaf, washegari ka ga ƙuda zaune a kan farin maganin yana murza hannuwansa kamar mai jiran tuwo. Na ƙara gwangwani guda a kan awon da aka ba ni, bai ji ba. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta dube mu ta yi dariya ta ce, "Ku bar wahal da kanku, ƙudan ga sun sha tauri." Tana nufin irin maganin nan da 'yan tauri ke sha wuƙa ta ƙi kama su. Na kai wa duba-gari maganar, shi kuma ya kai wa Bature don a yi dariya. Bature ya ce ƙwaro ba ya shan tauri, magani kuma ba ya ƙarya. In dai ƙuda bai mutu ba, to wani ne ke kwasar gari yana cika famfo da ruwa.

Wa ke damawa? Ni. Wa ke riƙe da makulli? Ni. Aka bar jaki aka shiga dukan taiki.

Duba-gari ya kira ni ofis, ga Bature a zaune, ga mutanena huɗu a tsaye, ga masinja riƙe da Alƙur'ani a cikin gafaka. Ya ce, "Helma, zance ya ƙare. Yi alwala ka dahwa, ka ce ba ka taɓa sirka maganin ga ba, kowa shi huta."

A nan ne aka yi mini mugun tarko, ko da sani ko ba da sani ba. Gidanmu ba a rantsuwa da Alƙur'ani a kan abin duniya. Mahaifina majemi ne, bai yi karatu mai zurfi ba, amma tun muna ƙanana yake gaya mana cewa ko da gaskiyarka, Littafin Allah ya fi ƙarfin a sa shi shaidar akuya ko gona. An taɓa cinye masa fatu masu yawa a gaban alƙali saboda ya ƙi dafawa. Duk unguwa ta san haka, duba-garin ma ya sani, don a unguwarmu ya girma.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ka san gidanmu. Ban sirka ba, amma ba ni dahwawa. A ba wani gwangwanin shi dama da hannunai, a gani in ƙuda na mutuwa."

Bai ko fassara wa Bature rabi na biyu na maganata ba. Abin da ya gaya masa kawai shi ne na ƙi rantsuwa. A ranar aka cire makulli daga wuyana, a gaban yaran da ni na koya musu riƙon famfo.

Korar ba ta ƙona ni kamar sunan da ya biyo bayanta ba. Kafin sati ya zagayo na zama "mai sirki". Mahautan da ke aiko mini tsire suka ce dama sun lura. Da zawo ya kama yara a unguwa, wata mata da ta rasa ɗanta ta tsaya a ƙofar gidanmu ta ce Allah ya isa tsakaninta da wanda ya sayar da maganin ƙuda. A masallaci idan na shiga sahu sai in ji na kusa da ni ya ɗan ja kafaɗarsa. Masu hikimar banza kuwa suka yi ta cewa ruwa ba ya tsami banza. Na koma majema wurin mahaifina ina kirɓa fatu, ina haɗiye baƙin ciki. Shi dai bai taɓa tambayata ko na yi ba, har ya rasu, kuma ban san ko yarda ce ta hana shi ko tsoron amsar ba.

Sai bayan an sami mulkin kai ƙanen matata ya dawo daga makarantar koyon aikin lafiya. Muna zaune a zaure yana ba ni labarin karatunsu, bai ma san inda maganarsa za ta sauka ba, ya ce ai an daina dogara da farin garin nan a kan ƙuda. Wai a cikin ƙuda akwai waɗanda ake haifa da wani sinadari a jikinsu, masana na kiransa inzayim, wanda ke warware dafin kafin ya kai ga jijiya. Na ce ban gane ba. Ya nuna mini kwatarniyar da muke jiƙa fata da ganyen fatakka, ya ce, "Yaya, ba ka ga yadda fatakka ke cin gindin gashi ta bar hwata lahiya lau ba? Haka abin ga ka cin magani cikin cikin ƙuda. Kun kashe waɗanda ba su da shi, masu shi sunka rage sunka hayayyahwa. Ko buhu kaz zuba, jikokinsu ba su ji."

Wato tsohuwa mai daddawa ta fi Bature kusa da gaskiya. Wato da hannuna, da ƙwazona, na tace ƙudan da suka ci mutuncina. Na tashi ko hula ban sa ba na nufi Gawon Nama, inda duba-garin nan ya koma bayan ya ajiye aiki.

Na same shi a kan tabarma yana cin goro. Na zayyana masa duk abin da na ji, na ce abu ɗaya nake so: ranar Juma'a ya tsaya a ƙofar masallacin unguwarmu ya gaya wa mutane ban saci komai ba.

Bai yi mamaki ba ko kaɗan, wannan ne ya fara ba ni tsoro. Ya tofar da goro ya ce, "Ai mun sani. Wanda anka ba gwangwanin bayanka, shi ma ƙuda bai mutu mai ba. Ba a yi wata ukku ba takarda taz zo, ta ce a sake magani."

Na ce, "Wata ukku? Baba na da rai sa'annan. Mi ya hana ku aiko a kira ni?"

Ya ce, "Haba helma. An riga an ba wani gurbinka, kuma Bature ya sa hannu. Wa za shi ce mai ya yi kure?"

Sannan ya ɓare goron hannunsa ya miƙo mini rabi.