Hawayen Haya a Gasar Rawa

A shekarata ta uku a jami'a a Giza ta ƙasar Masar ina zaune a unguwar Faisal, hawa na biyar, mu huɗu 'yan Nijar a gida ɗaya. Ni daga Maradi nake, ina karatun haɗa magunguna. Lokacin hutun tsakiyar shekara ne, biyu daga cikinmu sun tafi gida, ni kuwa ba ni da abin yi sai wanki da barci.

Akwai wata Bahaushiyar Sudan da muka saba da ita, mai kimanin shekara hamsin, tana zaune a unguwar Arba wa Nus. Kakanninta sun taso daga ƙasar Katsina da niyyar hajji suka yada zango a Sudan, ita kuma yaƙi ya koro ta Masar. Khalti muke ce mata, wato inna. Ita take yi mana lalle, a wurinta muke sayen turaren wuta. Amma tana da wata sana'ar daban: in masu shirya fim ko talla suna neman baƙaƙen fuskokin da za su cika wuri, ita suke kira, ita kuma ta taro mutane.

Wata ranar Lahadi ta kira ni a waya.

"'Yata, kina da abin yi jibi?"

Na ce babu.

"To akwai gasar rawa da za a ɗauka don talabijin. Ƙasashe da yawa, kowace ta turo shahararrun mutanenta biyu, mace da namiji. Ana neman 'yan kallo."

"Rawa, Khalti?"

"Ke aka ce ki taka? Zama ne kawai. Ki zauna, ki yi tafi, a ba ki abinci, a sallame ki."

Ba zan yi ƙarya in ce ta tilasta mini ba. Na sha ganin tallan gasar a manyan alluna a kan gada, mata cikin riguna masu walƙiya, kuma ina so in ga yadda cikin talabijin yake. Na ce mata tamam, wato na yarda.

Ranar Talata da sassafe na hau mikrobas, ƙaramar motar haya, zuwa inda aka ce mu haɗu. Mun kai mu arba'in: Habashawa, 'yan Eritriya, 'yan Sudan ta Kudu, samari biyu daga Najeriya, sai ni da mutanen Khalti. Wata babbar mota ta kwashe mu zuwa bayan gari, wajen hamada, inda situdiyon yake.

A bakin ƙofa aka fara raba mana riguna da tutocin wata ƙasa ta tsakiyar Afirka. A cikinmu babu ɗan ƙasar ko ɗaya. Wani Bahabashe ya jujjuya tasa tutar ya tambaya ina ne sama, ina ne ƙasa, ma'aikatan su ma sai da suka duba waya. Wata mata mai riƙe da takarda ta bi layinmu tana duba mu ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen tumatir. Da ta iso kaina ta nuna hijabina ta ce wa Khalti a cire, wai bai yi kama da Afirka ba. Khalti ta yi ta ja da ita da Larabcinta na Sudan har aka daidaita a kan in ɗaura ɗankwali mai launi a bisa hijabin. Sannan aka zana mana launukan tutar a kumatu da wani fenti mai warin kalanzir.

A ɗayan layin na hango wasu farare ana ba su tutar wata ƙasar Turai. Da na kasa kunne sai na ji Larabcin Sham suke yi. Su ma 'yan haya ne kamarmu.

Waje rana ce tsaka, amma cikin zauren duhu ne da fitilu masu launi, ga sanyin na'ura kamar zai tsaga ƙashi. Aka zaunar da mu a gefe guda, a sama. Mai kula da 'yan kallo wani siririn mutum ne mai abin sauraro a kunne, ta cikinsa daraktan da ba mu taɓa gani ba yake ba shi umarni. Kafin kowa ya fito rawa, sai da muka yi kusan awa guda muna tafa wa filin da babu kowa. Ƙaramin tafi, babban tafi, tafi a tsaye, dariya, mamaki. Duk ana ɗauka ana ajiyewa.

"Ya Afrika," in ji shi, don sunan da ya sa mana ke nan, "ku ƙara motsi. Ba ku iya guɗa ba ne? Yalla, maza."

Muka yi guɗa. Tafin hannuna ya yi ja yana zafi.

Rawar irin ta Turawa ce, wadda namiji yake riƙe ƙugun mace su yi ta zagaya fili. Ni da na tashi a gidan da mahaifina ba ya jerawa da mahaifiyata a titi, da farko na kasa ɗaga kai. Na zaci abin da zai dame ni ke nan duk yinin. Amma kunyar ba ta daɗe ba, don daga kusa babu wani abin sha'awa a ciki. Launin da aka fesa musu a jiki yana bin gumi yana ɓata wuyan riga. Murmushinsu yana nan muddin jar fitilar kyamara tana kunne, tana mutuwa fuska ta koma kamar an aiko da saƙon mutuwa. Wani mawaƙi da aka ce duk ƙasarsu ana ji da shi, ina ganinsa yana zagin abokiyar rawarsa ta tsakanin haƙora yana kuma yi wa alƙalai murmushi. Su alƙalan kuwa, ana tsayar da ɗauka a kawo musu takarda su karanta abin da za su ce.

Wajen azahar aka kira waɗanda aka ce namu ne. Namijin tsohon ɗan ƙwallo ne. Macen mai karanta labarai ce a talabijin ɗin ƙasarsu, doguwa, za ta yi shekara arba'in. Ita kaɗai ce na ga alamar ta ɗauki abin da gaske. Ina ganin leɓenta yana motsi, tana ƙirga taku.

Waɗanda suka yi rawa kafin su, rigar macen ta zubar da ƙananan duwatsun ado a fili. Na ga mai shara ta taho da tsintsiyarta, mai abin kunne ya kore ta da hannu ya ce babu lokaci.

Namun sun yi kamar rabin rawar lafiya. A wani juyi ne takalmin mai karanta labaran mai tsini ya hau kan duwatsun. Ƙafar ta lanƙwashe ta wajen da ƙafa ba ta lanƙwashewa, ta faɗi da gefe. Duk da kiɗa na ji ƙarar. Kiɗan ya ci gaba na ɗan lokaci kafin wani ya tuna ya kashe.

Wasunmu suka miƙe. Wani ma'aikacin lafiya ya taho da jakarsa, amma mai abin kunne ya tare shi da hannu, ya saurari abin da ake gaya masa, sannan ya juyo gare mu.

"Faɗuwar ta fito da kyau," ya ce, "amma kyamarar da ke kanku tana kan alƙalai a lokacin. Za mu sake. In na sauke hannu, ku firgita. Kada a ɗaga ta tukuna, muna so ta fito a bayan hoton."

Ya sauke hannu, muka firgita. Ya ce bai yi ba. Muka sake. Ya ce wasu suna kallon kyamara. Muka sake. Matar tana kwance tana riƙe da idon sawunta, ba ta yi kuka ba, sai dai numfashinta da ake ji ta makirfon da ke maƙale a rigarta. Ɗan ƙwallon ya durƙusa kusa da ita, amma na lura ya gyara zama yadda fuskarsa za ta fuskanci haske.

Sai mai abin kunne ya hauro matakala yana duba fuskokinmu. Ya tsaya a kaina.

"Ke, samra," ya ce, wato mai duhun fata. "Cire tabarau."

Na cire, ban ma yi tunani ba. Wata mai kwalliya ta zo da wani abu kamar jan baki ta goga mini a ƙasan idanu. Ina jin ƙamshin na gane shi, man zafi ne irin wanda ake shafawa don mura. Idona ya ɗauki yaji. Na juya na dubi Khalti, ina so ta ce wani abu.

Ba ta dube ni ba. Ta ce da Hausa, a hankali, "Ma'alish, yi haƙuri, 'yata. Ki yi a wuce wurin. Matar tana ƙasa."

Gaskiya ta faɗa, kuma shi ya fi ci mini rai. In na ƙi, za a nemi wata, a sake ɓata lokaci. Na bar hawayen suka zubo, kyamara ta matso har ina ganin kaina a gilashinta. Aka ce in dafe baki, na dafe. Aka ce khalas, wato an gama. Sannan aka bar ma'aikacin lafiyan ya shiga.

Aka ba da hutu, aka raba koshari, haɗin shinkafa da taliya, a kwali. Na kasa ci. Na tafi neman banɗaki in wanke idona in yi alwala. A wani dogon lungu na same ta zaune a kujerar roba, ƙafarta bisa akwati, an ɗora ledar ƙanƙara. Babu kowa tare da ita. Tana ganina fuskarta ta washe, ta yafito ni, ta yi mini magana da wani harshe da ban taɓa ji ba. Na girgiza kai alamar ban gane ba. Sai ta juya zuwa Faransanci.

"Na gan ki lokacin da nake kwance," ta ce. "Ban san akwai mutanenmu da yawa haka a Alƙahira ba. Da na ga kina kuka sai na ce ba zan yi kuka a gabanku ba. Wane gari ne naku?"

Na so in ƙirƙiro wani gari, amma ko sunan gari ɗaya na ƙasar ban sani ba bayan babban birnin.

Na ce, "Madam, ni 'yar Nijar ce. Dukkanmu babu ɗan ƙasarku. Kawo mu aka yi."

Ta kalli fentin da ke kumatuna.

"Hawayen fa?"

"Man zafi ne."

Ta yi wata 'yar dariya gajeriya, ta daina. Ban ga fushi a fuskarta ba, da ma fushin ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "To taimaka ki kwance mini ɗayan takalmin. Ba na iya sunkuyawa, kuma abokin rawata yana can ana hira da shi."

Na durƙusa na kwance igiyar. Yatsunta duk filasta ne, jini ya bushe a ciki, farcen babban yatsan ya fita. Na ɗaga ledar ƙanƙarar na duba ɗayar ƙafar. Ta kumbura ta yi baƙi-baƙi. Na gaya mata abin da nake karantawa, na ce kada ta taka wannan ƙafar sai an ɗauki hoton ƙashin.

"Sun ce za su yi mini allura," in ji ta. "Sai na tsaya a wurin sanar da sakamako. Yana cikin takardar da na sa wa hannu."

Kuma ta tsaya. Bayan la'asar ta fito tana dafe da kafaɗar ɗan ƙwallon, an sake yi mata kwalliya, tana murmushi. Mai abin kunne ya ɗaga mana hannu, muka tashi muka kaɗa tuta muka yi guɗa. Ba ta ɗago ta dubi wajenmu ba ko sau ɗaya.

A mota na zauna kusa da Khalti. Mun kusa shiga gari ta ce, "Kina ganin ni daɗi nake ji? Shekarata nawa ina kawo musu mutane. A fim mun yi bayi, mun yi 'yan gudun hijira, mun yi matsafa. Yau ma da sauƙi, a kujera muka zauna." A Faisal na sauka na hau bene, na yi ta dirzar kumatuna da sabulu. Fentin bai gama fita ba sai bayan kwana biyu.

Bayan wasu makonni aka nuna shirin. Ni ban kalla ba, abokiyar zamana ce ta kawo mini wayarta. An nuna faɗuwar a hankali, da kiɗa mai ban tausayi, sannan fuskata ta cika allo, an rubuta a ƙasa cewa 'yar ƙasarta ce ta kasa riƙe hawaye. Na gangara na karanta abin da mutane suka rubuta. Yawancinsu 'yan waccan ƙasar ne, suna ta sa mini albarka, suna cewa na nuna musu kishin ƙasa. Wata tsohuwa ta rubuta cewa ta yi mini addu'a a cocinsu. Na miƙa wa abokiyar zamana wayarta, na shige ɗakina.

Khalti ta sake kirana kafin zagayen ƙarshe. Ta ce daraktan da kansa ya tambayi yarinyar nan mai kuka. Na ce ba zan je ba. Ba ta ja da ni ba, ta ce tamam, sannan ta tambaya ko na san wata mai manyan idanu a cikin ɗalibai. Na ce ban sani ba.

Mai karanta labaran ba ta fito a zagaye na gaba ba. Shirin ya ce ta janye ne saboda dalilai na iyali. Har na gama karatuna na bar Masar ban samu labarin ko ƙashin ya karye ba.