Gidan da Baba Birki Ya Zana wa Inna

Ranar Litinin, tara ga watan Fabrairu, da hantsi, Baba Birki ya fara taka ƙafarsa cikin cibiyar koyar da manya ta unguwa. Akawun da ke teburin rajista ya ɗauka ajin karatu da rubutu yake nema, don dattijo ne da ya ba sittin baya, ga tafin hannu ya yi kanta. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana tuƙa bas a cikin gari. Fasinjoji ne suka laƙa masa sunan nan, saboda ko kaza ya hango a bakin titi sai ya taka birki.

"Baba, wane aji?" in ji akawu.

"Na fenti."

"Fentin gini ba a nan ake koyarwa ba. Namu na zane ne, na nishaɗi."

"Shi nake so. Wanne ya fi sauri?"

Akawu ya ce azuzuwan iri-iri ne, amma in sauri ake so akwai na yamma ɗaya, wanda mutum ke shiga hannu wofi ya fito da zanensa a hammata. Baba bai bari ya ƙarasa ba ya ce a sa shi a ciki.

Shi dai ba nishaɗi ya kawo shi ba. Matarsa, wadda kowa har shi kansa ke kira Inna, tela ce da ta yi rayuwarta a kan keken ɗinki, kuma ciwon mantuwa ya kama ta. Da aka zo faɗaɗa babban titi an rushe layinsu kaf, suka koma wurin 'yarsu Auta a wani gidan bene. Tun daga nan, kullum rana ta karkata sai Inna ta ɗauki takalmanta ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ku kai ni gida." Sau biyu tana sulalewa. A na biyun, a tsakiyar sabon titi aka tsince ta, tsaye daidai inda ɗakinta yake a da, manyan motoci na wucewa ta dama da hagu. Babban ɗansu, wanda ƙannensa ke kira Yaya, ya ce magana ta ƙare, a kai ta asibitin da ake ajiye irinsu. Baba ya roƙe shi ya ɗan saurara. Likita ya taɓa cewa wani lokaci hoton tsohon muhalli kan kwantar wa mai irin wannan ciwo da hankali. Suka zazzage hotunan gida gaba ɗaya, ba a sami komai ba sai fuskoki, gidan kuwa sai ɗan guntun bango a bayan kafaɗar wani. Baba ya je wurin mai rubuta allunan shaguna ya kwatanta masa, mutumin ya zano masa wani abu kamar otal. A nan ya yanke cewa tunda gidan a kansa yake, sai dai ya fito ta hannunsa.

Ajin yamma ɗaya a babban ɗaki ake yin sa, da dogayen tebura, kiɗa ƙasa-ƙasa, da shayi a gefe. Ma'aikatan ofis ne da ma'aurata, kowa sanye da rigar kare tufafi. Malamin ya kafa zanen faɗuwar rana a kan ruwa da ɗan kwalekwale, ya ce kowa ya bi shi, burushi bayan burushi.

"Malam, ni gida nake so in zana," in ji Baba.

"Yau kwalekwale ne, Baba. Gida sai ya zagayo."

Matar da ke kusa da shi ta leƙo ta fashe da dariya. "Baba, kwalekwalenka ai bas ne! Saura kwandasta."

"'Yata, abin da hannu ya saba kenan."

Ya yi dariyar tare da su don kada ya ɓata musu yamma. Da ya koma gida da zanensa, ya tarar da Inna a bakin ƙofa, takalmi a hannu, Auta ta tare hanya tana lallashi.

Daga nan ya koma ajin wata shida, na masu son koyo daga tushe. Malamin, wani da ake kira Malam Dogo, ba ya barin kowa ya taɓa fenti. Fensir ne kawai, da kofi da ƙwai a kan tebur, a yi ta koyon inuwa. Baba ya zana ƙwai har ya fara ganinsa a mafarki.

"Malam, sai yaushe za mu kai ga fenti?"

"In hannunka ya nutsu. Wata uku, ko huɗu."

"Ba ni da wata uku."

"Kowa haka yake cewa, Baba. Gyara zaman fensirinka."

Baba ba mutum ne mai baza sirrin gidansa a gaban jama'a ba, sai ya gyara zaman fensirin. A cikin makonnin nan ne Inna ta manta sunan Auta, ta koma kiranta "yarinyar masu gida".

Ya gwada ajin fita waje, na ranar Asabar, inda ake kwasar alluna a je lambun shaƙatawa kowa ya zana abin da ke gabansa. Malamar ajin ta tsaya a bayansa ta ga yana ƙoƙarin fitar da katanga da ƙofa alhali bishiyoyi ne a gabansa. Ta ce, "Baba, abin da idonka ke gani za ka zana, ba abin da ke kanka ba." Ya ce mata abin da yake so ya gani an zuba masa kwalta. Ta ɗauka wasa yake yi. Auta kuma ta saka masa darasin waya, na bidiyo. Hannun mai koyarwar kamar walƙiya, kafin Baba ya dangwalo shuɗi an wuce zuwa kore, ga sabis na yankewa. Ranar da ya waiwaya ya ga Inna ta kai farantin fenti bakinta, ranar aka daina zane a gida.

A watan Mayu Inna ta sake fita, aka kamo ta a matakalar bene. Yaya ya zo da kafinta aka sa wa ƙofa kwaɗo ta sama. Inna ta wuni tana dukan ƙofar da tafin hannu har ya kumbura. Yaya ya ce, "Baba, wallahi ba don ba na son ta ba ne. Ƙarshen watan gobe zan zo da mota. Gara ta yi fushi da mu tana raye."

Washegari Baba ya zauna a gaban akawu, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya faɗa masa komai. Akawu ya haɗa shi da wata tsohuwar malama mai tabarau, wadda ke ɗaukar ɗalibi ɗaya-ɗaya a ƙaramin ɗakin baya. Ita ba ta ce masa ƙwai ko kofi ba.

"Rufe idonka. Kana ganin gidan?"

"Ina gani."

"A ina kake?"

"A cikin mota, a tsallaken titi, inda nake ajiye ta."

"To, daga nan za mu fara."

Suka duƙufa. Hannunsa na rawa, ta koya masa ya jingina wuyan hannun a kan sanda. Ya fitar da katanga mai ruwan ƙasa, da turken lantarki da ya ɗan karkace, da kan bishiyar gwaiba yana leƙowa ta sama. Ya fitar da ƙofar ƙarfe koriya shar, wadda duk shekara shi da kansa yake sake mata fenti don kada maƙwabta su ce gidan direba ya lalace. Har tsagar da ke ƙasan katanga bai bari ba. Da suka gama, malamar ta cire tabarau ta goge ta ce ko ita da ba ta san gidan ba ta ji kamar ta ƙwanƙwasa.

Baba ya ɗauko zanen a rungume kamar jariri, bai yarda ya hau mota da shi ba don kada a goge shi. Ya jingina shi a kan kujera a gaban Inna.

"Inna, duba. Ga gida."

Ta daɗe tana kallo. "Gidan wa?"

"Namu mana. Ga gwaibarki."

"Sun rufe ƙofa," ta ce. "Ba kowa a ciki. Tashi mu koma gida." Ta sunkuya tana laluben takalmi.

Baba ya zame ya zauna a ƙasa. Auta ta matso ta tsura wa zanen ido, can ta ce a hankali, "Baba, ƙofarmu ai ja ce."

"Ja? Ke Auta, da hannun nan nake shafa ta. Koriya ce."

"Fuskar waje kenan. Fuskar ciki ba ka taɓa shafawa ba. Jan fentin da mai walda ya sa mata tun farko, shi ne a jiki har aka rushe. Inna tana kan keke a bakin tagar ɗaki, ita take kallo tun safe har yamma."

Baba ya rufe ido ya nemi kamannin ƙofar daga ciki a kansa, bai same ta ba. Shi kullum da duhun asuba yake fita, in ya dawo kuma ya tura ta da ƙafa ya wuce, bai taɓa juyowa ba. Ya nemi famfo, ya san akwai, amma a wane gefe? Igiyar shanya daga ina zuwa ina? Shekara talatin a gida ɗaya, ashe shi gidan da ya sani daban, wanda Inna take nema daban.

"Auta," ya ce, "ban san shi ba. Ban san gidan uwarki ba."

Lokacin malama mai tabarau ya riga ya cika da wasu ɗalibai. Abin da ya rage shi ne buɗaɗɗen ɗaki, na Laraba da Asabar, inda ba malami, kowa ya zo da aikinsa ya sami kusurwa. Baba ya sauke allonsa ƙasa-ƙasa, ya nemi kujera daidai tsayin ta keken ɗinki. Auta ta riƙa musanya ranakun aikinta tana zuwa ta zauna a gefensa, ita ce idonsa.

"Famfo a hagu, Baba, kusa da gindin gwaiba."

"Nan?"

"Ƙara matsawa. A'a, ka wuce. Bari in kira Yaya."

Yaya ta waya ya rantse famfo a dama yake. Auta ta ce, "Kai da ko bokiti ba ka taɓa ɗauka ba, ina ka san famfo?" Ya ce ita da aka haifa jiya za ta koya masa gidansu? Suka yi ta yi har masu zane a sauran kusurwoyi suka ajiye burushi suna saurare. A ƙarshe Yaya ya ce, "To, na ji, hagu ne in kana cikin ɗakin Inna." Sannan ya ƙara da cewa akwai tsohuwar taya a jingine bayan ƙofa, kada a manta da ita.

Haka Baba ya zana tsakar gidansa da ji, kamar baƙon da ake kwatanta wa hanya. Zanen bai kai na farko kyau ba. Katangar ta karkace, gwaibar ta fi kama da laima, don sauri yake yi kuma hannun ya ƙara rawa. Jan ƙofar kaɗai ya sake haɗawa ya fi a ƙirga, Auta na cewa ya yi haske, ya yi duhu, a ƙara masa tsatsa.

Kwanaki kaɗan kafin ranar da Yaya zai zo da mota, suka rataye sabon zanen a bangon falo. Auta ta jawo tsohon keken ɗinkin daga bayan gado ta ajiye yana fuskantarsa. Da rana ta karkata Inna ta fito da takalmi a hannu kamar kullum, ta nufi ƙofa. Sai ta tsaya. Ta juyo, ta zo ta zauna a kujerar keken ba wanda ya ce mata ta zauna. Takalman ta ajiye su a ƙasa.

"Igiyar nan ta yi ƙasa," ta ce. "Zannuwa za su ja ƙasa."

Auta ta toshe bakinta da hannu ta shige kicin. Baba ya durƙusa a gefen keken.

"Za a ɗaga ta, Inna. Gobe zan ɗaga ta."

Ta dube shi da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo. "Sannu da zuwa, malam. Sami wuri ka zauna. Maigidan bai dawo ba tukuna."

"Inna, ni ne."

"Ka ɗan jira shi," ta ce, ta mayar da idonta kan jar ƙofar. "Ta nan zai shigo."

Ya jawo kujera ya zauna.

Ba a kai Inna asibiti ba. Yaya ya zo da motar, ya tsaya a falo ya ga yadda take zaune, ya koma shi kaɗai. Ba ta daina neman fita gaba ɗaya ba, amma ya zama jefi-jefi, kuma in an kamo hannunta an zaunar da ita a gaban keken takan haƙura. An cire kwaɗon sama. Ba ta sake gane Baba ba. Kullum da yamma takan yi masa sannu da zuwa ta ce ya jira maigidan, shi kuma ya zauna su jira tare.

Inna ta rasu a watan Nuwamba na shekarar da ta biyo baya, a kan gadonta, a gidan Auta. Baba Birki bai sake komawa cibiyar ba, bai kuma sake riƙe burushi ba. Daga baya yanar ido ta kama shi, aka yi masa aiki a ido ɗaya. Yanzu yana zaune a wurin Yaya, yana raka jikoki makaranta da safe. Zanen na biyu yana falon Auta, na farkon kuma Baba ya tafi da shi.